Akwatin Tsohon Mai Gyaran Wuta

Tsohon mai gyaran wuta, wanda lantarki ya maka da ƙasa sau uku bai iya kashe shi ba, shi aka jona wa wayoyi a ka. An dasa masa sababbin ƙwayoyin halitta a ƙwaƙwalwa saboda rawar hannu, likita na duba na'ura ko sun fara ba da wuta. 'Yarsa kuwa ta riƙe akwatin aikinsa, ta ce ba za ta ba shi ba sai hannun ya daina rawa.

"Baba, na'urar ba ta nuna komai ba," in ji likita.

"Ina za ta nuna, ɗan nan? Soket ɗinka ke rawa. Duk karatun nan naka."

Ya zaro sukudireban da ya ɓoye a aljihu, ya ɗaure soket ɗin, hannu ko gezau. Ya harari 'yarsa.

"Ke, akwatina."