Fitilar da Ke Jin Murya

Hamza Riwaya, mai gyaran wutar mota, ya cusa ƙarshen siririyar fitilar a gefen ramin esi, inda iskar sanyin motar ke fitowa, ya bi ta da tsohon katin waya yana dannawa har ta ɓuya a tsagar roba, sannan ya ce wa Fatihu ya murɗa makulli. Fatihu ya murɗa, bai ga komai ba, domin hantsi ne, rana ta cika motar. Sai Hamza ya rufe gilashin gaba da tsohon buhun shinkafa, ya sunkuya wajen ramin da ke gaban kujerar mai zaman banza, ya tafa hannu.

Ramukan iskar suka kama da haske kore, ya juye shuɗi, ya mutu.

Hamza ya yi masa bayani cewa akwai wani ƙaramin abin jin sauti da ya ɓoye a bayan ramin. Ba ruwansa da ƙugin inji, amma da an yi magana ko an saki kiɗa, fitilar za ta riƙa amsawa. Fatihu ya tambaye shi ina ake kashe ta. Hamza ya sosa ƙeya, ya ce makunnansa sun ƙare, ya haɗa ta ne kai tsaye da makulli, ya dawo jibi a saka masa.

"Wai motar liman ce da kake ta wannan fargaba?"

"Da ta liman ce ai da sauƙi, Oga," in ji Fatihu.

Motar ta ƙungiyar manoman rani ce ta ƙauyensu, can bakin babbar hanyar ruwa tsakanin Kura da Bunkure. An saye ta ne don gari ya samu abin ɗaukar mai naƙuda da mara lafiya, da gawa in an yi rasuwa a asibiti, da amarya ranar kai ta. Malam Badamasi mai Islamiyya shi ke zaɓar direba, shi ke kuma karɓe makulli. Direban da ya gabaci Fatihu ya rasa aikin ne ranar da ya ɗora wa motar manyan lasifikoki. Malam bai yi masa faɗa ba. Ya miƙa hannu kawai, ya ce motar da ke ɗauko gawa ba a yi mata kwalliya.

Fatihu ya san wannan sarai. Amma gobe za a kai ƙanwarsa Latifa gidan miji a Kura, kuma ya taɓa ganin irin motocin da ake kawo amaren Kano a ciki. A ransa ya tsara cewa Malam ba ya shiga motar sai da dalili, kafin dalili ya zo an gama biki, an cire.

Dalilin ya zo bayan la'asar.

Hadari ya haɗo daga gabas har gari ya yi duhu kamar magariba, sai ga Ruƙayyatu, babbar 'yar Malam, ta zo da kanta ko takalmi babu. Ta ce Baba ya bi ta bayan injin casa inda ake ƙona ƙaiƙayi, hayaƙin ya tayar masa da ciwon ƙirjinsa, numfashi ya ƙi fita. Fatihu ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ga wayoyi a cakuɗe, bai san wadda zai fizge ya kashe fitilar ba, ya ji tsoron ya fizgi wadda za ta kashe motar gaba ɗaya. Ya bar su.

Aka tallabo Malam aka zaunar da shi a gaba, domin ya ƙi kwanciya. Ruƙayyatu ta zauna a bayansa tana riƙe da kafaɗunsa. Fatihu ya ƙure esi, ya hau hanyar da ke bin gefen ruwa. Tsohon ya sunkuya ya kai fuskarsa bakin ramin iskar yana neman sanyi, ya ja wani numfashi mai ƙara kamar ana yaga zane.

Hasken ya tashi a fuskarsa.

Fatihu ya ƙara riƙe sitiyari. Ya jira a tambaye shi. Malam ya ɗan ja baya, ya zuba wa ramin ido, hasken ya mutu. Ya sake matsowa, ya ce Allah, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar baƙon gida. Koren haske ya zagaye ramin, ya bi ta sauran ramukan har gaban Fatihu, ya dawo.

"Fatihu, wannan ji yake?"

"Yana ji, Malam."

Malam bai ƙara tambaya ba. Ya ci gaba da ambaton sunan, kowane suna da numfashinsa, kowane numfashi da haskensa. In muryar ta yi ƙarfi sai koren ya cika ya zama shuɗi, in ta raunana sai ya rage kamar garwashin da toka ta rufe. A waje shinkafa ta kwanta da iska, ruwan hanyar ya yi baƙi ƙirin, su kuma a ciki suna tafiya cikin wani haske da ke fitowa daga ƙirjin mutum. Fatihu ya yi shekaru yana zama a gaban tsohon nan, ya ji muryarsa a aji da masallaci da wajen rabon ruwan gona, amma bai taɓa tunanin murya tana da launi ba. Ya tuna abin da ya sayi fitilar dominsa, kiɗan 'yan mata da guɗa, kunya ta kama shi. Sai dai kunyar ba ta hana shi kallo ba.

Sun kusa hawa kwalta hasken ya ɗauke, bai dawo ba.

Ruƙayyatu ta fara kiran Baba, tana girgiza shi, fitilar ta rikice da muryarta, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa suna ta tsalle. Fatihu bai iya ɗauke ido daga hanya ya duba ƙirjin tsohon ba, ga manyan motoci na tahowa. Abin da bai taɓa yi wa babba ba ya yi.

"Yaya Ruƙayya, don Allah ki yi shiru. Ki bar ta ta ji shi."

Ta yi shiru. Motar ta yi duhu. Kan Malam na jingine a jikin ramin, ba motsi. Fatihu yana tuƙi yana satar kallo da gefen ido, bai yarda ko addu'a ya yi a fili ba, kada fitilar ta amsa masa ta yaudare su. Can sai wani ɗan kore ya ɗarsu a gefen robar, siriri kamar tsiron shinkafa ranar da ya fara leƙowa daga laka. Ya ɓace. Ya sake dawowa. Ruƙayyatu ta toshe bakinta da mayafi tana kuka ba sauti, kuma a haka suka shiga Kura, mutum biyu suna gadin numfashin na uku da shirunsu.

A asibiti aka karɓe shi da sauri, aka sa masa abin shaƙar iska. Ruwan sama ya sauko ya ɗauke kafin Ruƙayyatu ta fito ta sami Fatihu a baranda. Ta ce ƙirjin ya buɗe, Baba ya yi magana. Fatihu ya zaro makullin daga aljihu ya riƙe, ya tambaya ko Malam ya ce a karɓa. Ta ce ita ma ta yi masa maganar motar, amma bai ce a karɓa ba, bai ce a bari ba. Abin da ya ce kawai shi ne a gaya wa Fatihu cewa shi Malam ya gani.

Fatihu ya koma motar ya zauna. Da Malam ya yanke hukunci da ya fi masa sauƙi. Gobe 'yan kai amarya za su cika kujerun nan, su saki kiɗa, fitilar ta yi musu rawa kamar yadda ta yi wa sunan Allah ɗazu, ba tare da ta san bambanci ba. Jibi wataƙila gawa ce a baya, masu rakiya na salati, ita kuma tana ta walƙiya. Ya ga abin bai dace ba ta kowace fuska, ya yanke shawarar cire ta tun yanzu.

Ya murɗa makulli don ya gane wayar, ya bi siririyar fitilar da yatsa har ƙarƙashin ramin, ya same ta, ya naɗe ta a yatsunsa. Kamar yadda ya saba kafin kowane aiki, bakinsa ya ce bismillah.

Koren hasken ya zagaye ramukan ya dawo kan hannunsa.

Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya warware wayar daga yatsunsa a hankali, ya mayar da ita inda take.