Yatsu Biyu a Bayan Layi

Maikano na tsaye a jikin waya yana kallon wani mutum yana ba jar ƙasa ruwa, ƙasar da ba a shuka komai a cikinta ba. Tun da ya zo Alƙahira yake tuƙa motar ofishin jakadancin Najeriya ya ga abubuwa iri-iri. Ya ga tattabarun da aka gina wa bene a saman bene, ya ga mai keke da faifan burodi a ka yana ratsa Wustul Balad, tsakiyar birnin, ko ɗaya bai faɗo ba. Amma bai taɓa ganin gonar da ake sharewa, a yi mata ban-ruwa, a ja mata farin layi, don kawai samari biyu su tattake ta ba. Wani alhudahuda ya sauka a kan danshin, ya buɗe tukkunsa, ya caki ƙasa, bai samu komai ba, ya tashi.

Ɗaya daga cikin samarin da za su taka filin Jesse ne, ɗan ƙanwarsa Marta. A Lids ta haife shi, inda take aikin jinya, kuma tutar Birtaniya ce a gefen sunansa a allon gasar tanis ɗin. Hausarsa ta bakin uwa ce kawai, karkatacciya, amma bai taɓa kiran Maikano da suna ba sai Kawu. A ɗakin Maikano da ke unguwar Mohandessin ya sauka, a kan katifar da ƙafafunsa suka fi ta tsawo.

A kwanakin nan ya ba kawun nasa labarin irinsu. Ya ce 'yan tanis ɗin Birtaniya da ake gani a talabijin ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Sauran suna nan suna yawo daga Turkiyya zuwa Tunisiya zuwa Masar, huɗu a ɗaki, suna wanke safa a bahon wanka, suna bin ƙananan gasa irin wannan. Masu tallafa masa sun koma kan yara ƙanana, shi kuwa ya doshi talatin. A duk duniya mutum dubu da 'yan kai ne ke gabansa. Maikano ya daɗe yana juya wannan a ransa, a ce an jera bil'adama kaf an samu ɗan Marta kusa da goshin layi haka. Jesse ya yi dariya, ya ce a wannan sana'ar na dubu ko kuɗin igiyar raket ba ya samu.

Ya yi wa uwarsa alkawari: in bai tsallake wasannin share fage ya shiga gasar sosai ba a wannan zuwan, zai rataye raket, ya karɓi aikin koyar da yara da aka yi masa tayi a Lids. Bana rikici da dokar hana fita sun hana baƙi da yawa zuwa, ƙofa ta ɗan buɗe. Ya ci wasa biyu, saura na yau. Marta kuwa kullum sai ta bugo, tana cewa Yaya ya yi masa magana, ita ta gaji da ganin ɗanta a waya ya rame kamar kazar mayu. Maikano ya ce mata to. Da Jesse ya ce ya zo ya tsaya masa, nan ma ya ce to.

Wani Bamisre mai tumbi ya matsa wa Maikano a benci, ya ce sunansa Ustaz Hamad, uban Ya'aƙub, yaron da Jesse zai kara da shi. Ya zuba masa shayi daga fulas, ya cika masa tafi da 'ya'yan kabewa, yana ta kiransa ya Hajj. Maikano, wanda yake dattijon majami'a, ya daina gyara wa mutanen garin nan wannan tun tuni. Suka yi hira da Larabcinsa na direba. Da Ustaz Hamad ya yaba tsawon Jesse, Maikano ya ce ai yaro ne, yana dai koyo, ya juya ya yabi Ya'aƙub. Ustaz Hamad ya karɓe yabon duka, har ya ƙara da nasa.

Abin da ya fi ba Maikano sha'awa shi ne babu alƙali a kan kujera. A wasan share fage kowa shi ke faɗin gaskiyar ƙwallon da ta faɗi a ɓangarensa. In an yi gardama, jar ƙasa ce shaida, don ƙwallo takan bar tabonta. Wanda kuma ya goge tabon da ƙafarsa, ya sallama ke nan. Maikano ya ce a ransa wannan wasan 'yan amana ne.

Rana ta yi sama. Jesse ya ci zagayen farko, Ya'aƙub ya rama na biyu. A na uku rigar Jesse ta manne masa, safarsa ta rine ja, yana gurnani duk bugu. Wasu 'yan Birtaniya biyu da aka riga aka fitar sun jingina da waya, fuskokinsu sun ƙone, suna tafa masa a hankali. Har aka kai inda maki ɗaya ya rage masa.

Ya'aƙub ya dako ƙwallo mai tsawo. A gaban Maikano ta faɗi, kusa har ƙurarta ta taɓa masa wando, kuma ya gan ta da idonsa: a bayan layi, da kamar faɗin yatsu biyu. Jesse ya ɗaga yatsa alamar ta faɗi a waje, ya zagaye tabon da bakin raket, ya nufi raga da hannu a miƙe.

Ya'aƙub bai karɓi hannun ba. Ya hau ihu yana nuna wani tabo dabam a kan layin, yana rantsuwa, idonsa ya kawo ruwa. Ustaz Hamad ya miƙe, fulas ya kife. Jesse ma ya ɗaga murya da Turanci. Wani ya ruga neman babban alƙalin da ke can wani filin.

Maikano bai yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarsa. A Zonkuwa inda ya tashi, in ɗanka ya yi faɗa da ɗan maƙwabci a gabanka, naka kake tsawata wa, ko shi ke da gaskiya. Maƙwabcin kuma sai ya ji nauyi ya tsawata wa nasa fiye da haka, daga nan abu ya koma hannun mai shi, kowa ya tashi da mutuncinsa. Haka ubansa ya yi masa a kan wani ɗan zabo, kuma kafin magariba an dawo masa da zabonsa. Ga shi yanzu da shayin mutum a cikinsa, ɗan mutumin na kuka.

"Jesse," ya ce, "bar masa."

Jesse ya juyo, ƙirjinsa na hawa da sauka. "Kawu, ka gani?"

"Na ce ka bar masa."

Yaron ya dube shi, ya dubi tabon. Sai ya sa tafin takalminsa ya goge shi, ya koma bayan layi.

Maikano ya juya wajen Ustaz Hamad yana jira. Ya ba shi lokaci, har ya ɗan sunkuyar da kai don kada ya kunyata shi. Ustaz Hamad ya tafa hannu, ya ce yalla ya Ya'aƙub, wato maza a ci gaba, sannan ya dafa kafaɗar Maikano ya ce wallahi shi mutumin kirki ne, irinsa sun yi ƙaranci. Ya ɗaga fulas ya girgiza ya ga ko da saura.

Daga nan hannun Jesse ya mutu. Ya buga biyu a raga, ɗaya ta haura waya. Ba a jima ba suka gaisa, Ya'aƙub ya durƙusa ya sumbaci ƙasa. Mai ban-ruwa ya shigo yana jan tabarmarsa a kan filin, duk tabo ya shafe.

A hanyar komawa motoci sun cushe, kowa na sauri ya riga dokar hana fita. Jesse na gaba, jakar raket a tsakanin gwiwoyinsa, tawul a wuya. Sun wuce wata tankar soja da wani ya shanya riga a kan bindigarta, Maikano ya gani, bai nuna masa ba. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya san Marta ce, ya ƙyale.

Can Jesse ya ce ba komai. Ya ce gara haka, da ya shiga gasar da ƙwallon sata gara ya koma Lids. Shekara da shekaru yana faɗin waje da ciki, yau ya gane har idonsa ya fara yi masa ƙarya, to lokaci ya yi. Ya yi 'yar dariya marar daɗi.

"A kan layi ta faɗi ko, Kawu? Kai ka fi kusa."

Maikano ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Kalma ɗaya ce, i, yaro ya tafi gida da zuciya a kwance, Marta ta samu ɗanta, shi kuma ya ci gaba da zama Kawu. Wani mai sayar da furen yasmin ya ƙwanƙwasa gilashi, ya gaji, ya wuce.

"A waje ta faɗi," ya ce. Ya saki sitiyarin ya haɗa yatsu biyu ya nuna masa. "Kamar haka."

Jesse ya zuba wa yatsun ido.

"To me ya sa?"

"Na ɗauka ubansa zai ce masa ya bar maka."

Yaron ya juya fuskarsa ga taga, kuma har suka hau gada bai sake duban kawunsa ba. Wayar ta sake ƙara. Maikano ya ciro ta ya ajiye a tsakaninsu, sunan Marta na haske, babu wanda ya taɓa. Da ta yi shiru sai ya ji ƙaramin sauti, ƙyas, ƙyas. Jesse ya zaro raket ɗaya daga jaka, ya ɗora a cinya, yana daidaita igiyoyinta da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.