Hatimin da Ban Danna Ba

Mahaifinmu bai bar mana gadon komai ba sai magana ɗaya: kada ku danna wa kowa hatimi. Shi ya danna wa wani abokinsa, ya tsaya masa a kan bashi, abokin ya tsere, shagonmu na Higashi-Osaka ya bi ruwa. Shi ya sa ban wuce ƙaramar sakandare ba. Abin da na sani na injin yankan ƙarfe, a tsaye na koye shi, shekara arba'in.

Don haka da ƙanwata Fumie ta bugo waya ta ce 'yarta Tomoka za ta zo ranar Lahadi da takardun makaranta, na san abin da ke tafe. Shekarar Tomoka ashirin da huɗu, tana aiki a kamfanin da ake zuba abincin rana a kwali. Yanzu tana son karatun shekara biyu na gyaran injunan masana'antu. Kuɗin da ake ba ɗalibai, tallafin karatu muke ce masa, amma bashi ne har yen ɗin ƙarshe. Uwa za ta sa hannu, sannan wani ɗan'uwa ya tsaya da hatiminsa mai rajista. Ɗan'uwan kuwa ni kaɗai ne.

Kwana biyar ina juya abin a bakin inji. In na ƙi, na riƙe wasiyyar uba, amma na yi wa yarinyar abin da bashi ya yi mini. In na danna kuma ta gaza, gidan da ni da matata muka gama biya bara ne a kan faifai. Ranar Lahadi na sa hatimin a aljihu ban yanke shawara ba.

Ta zo da kwalin wainar wake, ta baje littafi a tebur tun kafin shayi ya iso.

"Kawu, nawa kuke ba sabon mai gyara a wurinku? Na gaskiya fa, ba na takardar talla ba."

"Ke ko gaisuwa babu, sarauniyar shinkafa?"

"Na gaishe ka a ƙofa, kunnenka ne inji ya cinye. Nawa?"

Na ce dubu ɗari biyu da goma, in an zaftare haraji da inshora ya dawo ɗari da saba'in. Ta ja layi a kan ɗari biyu da hamsin ɗin da makarantar ta buga.

"Dama na ga ya yi ƙiba da yawa."

Ta nuna mini sauran. Bashi miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Biya dubu goma sha huɗu duk wata, shekara goma sha biyar. Har albashin da za ta rasa a shekara biyun ta rubuta, abin da ni ban tuna ba. Ta ce farkon abin zai yi ɗaci, sai an jima ya fi inda take.

"To me ya kai ki?"

"In inji ya tsaya, mu arba'in muke tsayawa kamar gumaka muna jiran wani mai akwatin kayan gyara. Watan jiya na ce musu tururin shinkafa ne ya rufe idon injin. Shugaba ya ce ba aikina ba ne. Mai akwati ya zo bayan awa biyu, ya goge wurin da tsumma, ya tafi." Ta rufe littafin. "Ina so ya zama aikina."

A nan na ciro hatimin na ajiye a tebur. Ta dube shi, ta dube ni.

"Kai, Kawu! Mayar da abinka. Wa ya ce maka shi na zo nema?"

Ashe akwai wata hanyar, ita ta zaɓa: hukuma ta tsaya mata, a riƙa cire kusan dubu biyar daga kuɗin da za a riƙa ba ta duk wata, har shekara biyun.

"Dubu ɗari da ashirin ke nan a banza!" na ce. "Ke da kika iya lissafi?"

"Na lissafa. Inna ta ba ni labarin Kaka tun ina ƙarama. Ina so in na zo gaisuwar sabuwar shekara ka tambaye ni ko na ci abinci, ba ko na biya ba."

Sanyi ya sauko mini a ƙirji, kunya ta biyo bayansa, don na san sanyin na mene ne. Har yau ban sani ba ko da ta miƙo takardar zan danna. Ita ta biya kuɗi don kada a tambaye ni.

Da ta tashi tafiya na ɗauko ma'aunin kaurin ƙarfe da na saya da albashina na uku, na miƙa mata. Ta jujjuya shi.

"Aro ne ko tallafi?"

"Tallafi," na ce. "Na gaske."