Fasa Murya a Bakin Gulbi

Sa'adu ɗan amshi ne a ƙungiyar Tambari, mawaƙin noman nan na Tursa, kuma kowa ya shaida muryarsa da daɗi. Aibinta ɗaya, ba ta hawa. In waƙa ta kai inda ake cilla ta sama don mai noma a ƙarshen gona ya ji kirarinsa, sai ta maƙale masa a wuya.

Tambari kuwa tsufa ya cim masa. Ya faɗa a gaban kowa cewa a gayyar Magarya ta bana, wanda muryarsa ta kai ƙarshen gona shi zai riƙa jan waƙa. Abin da Sa'adu yake jira ke nan tun yana saurayi.

Yayarsa Adawiyya, mai koya wa 'yan mata ƙasida a wata Islamiyya a Wurno, ta zaunar da shi. "Daga ciki za ka ɗauko numhwashi, ba daga maƙoshi ba," in ji ta. "Kullum ka ƙara hawa kaɗan. In ka ji zahi, ka tsaya."

"Yaya, har yaushe?"

"Bana dai ba ka kaiwa. Sai baɗi, in Allah ya so."

Ran Sa'adu bai so haka ba. Yana ba 'yan ƙungiya labarin, sai ga Almustapha, tsohon makaɗin gangarsu, da muryar nan tasa a dushe kamar ana jan buhun albasa a ƙasa. "Mi mata sunka sani ga waƙar gona?" ya ce. "Hwasa ta za ka yi. Ka tai bakin gulbi da sassahe, ka yi ta ƙwala kira har ta tsage. In ta warke sai ta dawo da hwaɗi. Haka munka gada."

Don Allah ku ji fa. Mutumin da in ya yi sallama sai an matso kafin a ji, wai shi ne malamin murya. Kuma a gaban Tambari ya faɗa. Shi kuwa Tambari ya ji sarai, ya ci gaba da taunar goronsa, ko tari bai yi ba.

Sa'adu ya zaɓi hanyar sauri. Kowace safiya yana bakin gulbi yana kwarmato, masunta suna yi masa dariya. Ranar da ya tofa yawu ya ga jini, murna ma ya yi, wai aiki ya fara ci. Adawiyya ta kira shi a waya, da jin sallamarsa ta ce, "Sa'adu, mi ka yi ma kanka?" Ya kashe wayar.

Murya ta tsage kuwa. Ya sha zuma, ya sha citta, ya jira. Ta dawo a dushe, ba hawa, kuma daɗin nan na da ya tafi.

Ranar gayya manoma suka jeru da hauyoyinsu, ganga ta ɗauka, Tambari ya nuna Sa'adu da baki. Ya ja numfashi ya cilla. Ko mutumin da ke kunyar farko bai ɗago kai ba. Tambari bai jira ba, ya yafito Yazid, wani ɗan amshin, waƙa ta ci gaba.

Da aka tsaya shan fura, Sa'adu ya je gaban Tambari a fusace. "Baba, kai ma haka ka hwasa taka?"

"Ni? Ban taɓa ba."

"To don mi ba ka hana ni ba?"

"Ba ka tambaye ni ba."

Wai bai tambaya ba. Shekara da shekaru yana yi masa amshi a rana, sai ya tambaya kafin a hana shi kashe kansa.

Yana tsaye a nan Almustapha ya matso, ya rataya masa ƙaramar ganga a kafaɗa. "Tsaya nan kusa da ni," ya ce a dushe. "Ni ma ɗan amshi na a da, kahin in tai gulbi."

Sa'adu ya buɗe baki zai ɗura masa ashar. Ba abin da ya fito sai iska.