Ranar da Lawali Ya Kai Basbusa da Kunafa Giza

Lawali ɗan Gusau ne, shekararsa ta uku ke nan yana karatun hadisi a Alƙahira. Mutum ne mai jiki da murya, har ɗalibai 'yan'uwansa a unguwar Hayyin Ashir sukan tura shi gaba idan za a yi magana da mai gida. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, gizo-gizo. Ko na banɗaki ya gani sai ya fito ya ce ruwan ya yi sanyi da yawa.

Wata safiyar Janairu, ana sanyin nan mai shiga ƙashi, maƙwabcinsa Isam ya kira shi a waya. Isam Bamisire ne, yana nazarin dabbobi a jami'a, kuma ranar suke ƙaura zuwa Giza shi da mahaifiyarsa.

"Ya Lawali, na faɗi a bene da firiji a kaina," in ji Isam. "Ƙafa ta kumbura, likita ya ce kada in taka. Na baro Basbusa da Kunafa a tsohon gida, an cire na'urar ɗumama ɗaki. Don Allah ka kawo mini su kafin su yi sanyi. Mabuɗi yana wurin mai gadi."

Lawali ya ce an gama. Basbusa da kunafa ai kayan zaƙi ne, yana saukowa ma yana tunanin ko za a san an taɓa gefe ɗaya.

A tsakiyar ɗakin ya tarar da kwali ɗaya. Ya buɗe. Robobi biyu ne masu 'yan huji a murfi, an shimfiɗa musu takarda mai laushi. A cikin kowacce akwai gizo-gizo mai girman tafin hannu, baƙi, da gashi buzu-buzu har ƙafafu. Ɗaya ta ɗaga ƙafa a hankali kamar za ta gaishe shi.

Sai da Lawali ya kai ƙofar fita daga ginin sannan ya kira Isam.

"Isam, tautau ne a cikin kwalinka!"

"Tarantula ne. Ƙaramar Basbusa, babbar Kunafa. Shekara shida ina kiwon su."

"Kiwo? Su ƙwai suke yi maka ko nono?"

Isam ya yi ta ba shi haƙuri, ya ce ba sa iya fitowa, kuma 'yan ƙasar zafi ne, idan suka wuni a wannan sanyin mutuwa za su yi. Lawali ya tuna lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, Isam ne ya goya shi zuwa asibiti. Ya koma sama yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Isam ya bi da shi ta waya. Lawali ya dafa ruwa ya zuba a gora, ya naɗe goran da tawul, ya sa a gefen kwali ba tare da ya taɓa robobin ba, don zafi kai tsaye ma kashe su yake yi. Ya cusa tsumma a duk inda ya ga sarari, don kada su yi ta gwaruwa.

"Kada ka girgiza, kada ka ajiye a ƙasa, kada iska ta buge su," in ji Isam.

"Ko amarya aka ba ni ba a kafa mini sharuɗɗa haka ba."

Ya shiga ƙaramar bas ya zauna a baya da kwalin a cinya. Damansa wata tsohuwa ce mai jakar kayan miya, wadda ya ji direba yana kira Hajja Widad. Hagunsa kuwa wani ƙaton mutum ne mai gashin baki. Tagar kusa da su ta lalace, ba ta rufuwa. Fasinjoji suka yi ta yi wa direba magana, shi kuma yana cewa ma'alish, wato a yi haƙuri, haka ya same ta.

A kan gada cunkoso ya tsayar da su. Minti arba'in ba motsi, ga yayyafi ya fara. Lawali ya zura yatsa ta gefen kwali ya taɓa goran, ya ji ya yi sanyi ƙalau. Ya kira Isam a ɓoye.

"To sai dai ka sa su cikin rigarka," in ji Isam. "Ɗumin jikinka ya isa."

"Cikin me?"

"Rigar sanyinka. A tsaye, kada ka karkata su."

Lawali ya kashe wayar. Ya dubi sama, ya dubi kwali. Sannan ya rufe ido, ya zaro robobin ɗaya bayan ɗaya ya tura su ƙarƙashin rigar, ya rungume ƙirji da hannu biyu. Ta cikin roba yana jin ɗan ƙaras-ƙaras daidai saitin zuciyarsa. Zufa ta keto masa a tsakiyar wannan sanyi.

Hajja Widad ta dube shi ta dafa ƙirjinta. "Ɗana, zuciyarka ce? Jama'a, yaron nan zai mutu mana a mota!"

Ta cire mayafinta na ulu ta yafa masa, ta fara yi masa fifita da ganyen kabeji.

"Lafiyata ƙalau, Hajja. Amana ce na riƙe."

"Amanar me?"

Larabcin kasuwa ya gudu daga kansa, na littafi kawai ya rage. "Ankabut," in ji shi, wato gizo-gizo.

Ƙaton mai gashin baki ya gyaɗa kai cikin jin daɗi. "Masha Allah, hadda yake yi. A bar shi, sura ce yake bita."

"Ba surar ba, ranka ya daɗe. Shi kansa."

Hajja Widad ta ce sai ta gani. Lawali ya ɗan ja zip, Kunafa ta bayyana manne da jikin roba. Ƙaton ya zabura. Yadda aka yi ya tsallake kujeru uku ya sauka kusa da direba, babu wanda ya iya bayani daga baya.

Tsohuwar kuwa matsowa ta yi. "Wayyo, baiwar Allah, ji yadda ta takure. Kai direba! Ba ka jin kunya? Baƙi ne a motarka, sanyi zai kashe su!"

Direban ya leƙo, ya ga abin da idonsa. Nan take ya fita cikin yayyafi, ya yago kwalin Lawali ya toshe tagar tsaf, ya ɗaure da igiya. Ya ce yana roƙon abu ɗaya, a riƙe murfin da kyau. Daga nan har suka sauka tuƙin lallaɓa ya yi, ko rami ya gani sai ya zagaye.

Daga tasha Lawali ya ɗauki tasi, ya iso gidan Isam bayan azahar, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a tire. Isam yana kwance a kujera da ƙafa a naɗe. Lawali ya zaro robobin ya ajiye a tebur. Basbusa tana kwance rigingine, ƙafafu a sama.

"Inna lillahi," in ji Lawali. Abin mamaki, sai ya ji hawaye ya cika masa ido. "Wallahi na yi iya ƙoƙarina, Isam."

Isam ya kara ido a jikin robar, sai ya ɗaga hannu. "Kada ka taɓa teburin! Ba mutuwa ta yi ba, saɓa za ta yi. Haka suke kwanciya idan za su tuɓe tsohuwar fata. Ɗumin ya yi mata daɗi ke nan."

Haka suka zauna, ba mai ƙwaƙƙwaran motsi. Mahaifiyar Isam ta kawo koshari, dafa-dukan shinkafa da taliya, tana sanɗa. Kafin la'asar ta wuce Basbusa ta zare ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya daga tsohuwar fatar, ta fito sabuwa fil, tana sheƙi. Lawali ya ankara hancinsa ya kusa taɓa robar, ya yi sauri ya ja baya ya gyara zama.

"Ba laifi," in ji shi yana kai cokali baki. "To me suke ci ma?"

"Kyankyasai. Ina da bokiti guda da nake kiwo." Isam ya dubi Lawali. "Yana can tsohon gida, a bayan ƙofar kicin. Su ma ba sa son sanyi."

Lawali ya ajiye cokalin. Ya yi wa mahaifiyar Isam godiya mai tsawo, ya yi wa Isam addu'ar samun sauƙi, ya sa takalmansa. Yana bakin ƙofa ya ce zai bar wa mai gadi mabuɗin, kuma ya ji ana cewa mai gadin mutum ne mai ƙarfin hali.