Tsohon da Ke Cewa Mi

Duk wanda ya san Almustapha tela a Wurno ya san ɗinkinsa ba ya warwarewa, bakinsa kuma ba ya rufuwa. Da safe sai ya kunna sifika kafin ya zura zare a allura. Kunne kam yana da shi, ba za a hana masa wannan ba. Ka sa masa waƙar noma, kafin 'yan amshi su karɓa zai gaya maka ko makaɗin Bagobiri ne ko Bazamfare. Abin da ya ɓata shi shi ne ya san yana da kunnen.

Su huɗu ne suka fara abin. Lawwali mai gyaran waya a kasuwar Goronyo shi ya kawo shawarar. Akwai Musaddiƙ, malamin firamare a Dinawa, wanda waƙar Indiya ta gama da shi, sai Bube, Bafillace daga wata ruga a gefen Rabah, mai kai nono gari a babur. Kowace ranar kasuwa kowa zai zo da memori ɗauke da waƙoƙin da yake so, a zuba a hular Lawwali, kowa ya zari ɗaya. Ba a faɗin sunan mawaƙi. Ka tafi ka saurara mako guda, sannan ka faɗi abin da ka ji a saƙon murya cikin zaurensu na Watsaf.

Zauren ya fara da mutum huɗu, ya kai sittin da wani abu, kuma yawancinsu don Almustapha suka shigo. Da waƙoƙin Musaddiƙ suka faɗo hannunsa cewa ya yi mace ce aka taka wa ƙafa, namiji yana ba ta haƙuri har minti bakwai. Da ya zari jitar Buzaye ya yaba, amma sai da ya ce mai gangar bacci yake ji. Mutane su yi ta dariya, shi kuma kansa ya yi ta kumbura.

A cikin sittin ɗin nan, yabon mutum ɗaya ne ke kai masa har zuci, na Bube. Shekara takwas suna tare. Bube ba ya dariya da arha, ba ya katse waƙa da surutu, in kuma ya ce maka “ka ji daidai”, to ka ji daidai ɗin. Almustapha bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk saƙon da ya tura, amsar Bube yake fara dubawa.

Saura mako biyu Sallah ya zari memorin Bube. Ya sa a waya ya tarar waƙa ɗaya ce tal, minti goma sha tara. Ba kiɗa, ba amshi. Muryar wani tsoho ce tana rawa, ga iska tana bugun wayar da aka ɗauka da ita, ga kaza tana kuka can gefe, kuma da Fulatanci. Almustapha yakan bugi ƙirji ya ce kakansa Bafillace ne, amma Fulatancinsa bai wuce gaisuwa ba, ita ma rabi. Ɗinkin Sallah ya yi masa tsibi, keke yana ta ƙara, ya saurari minti uku ya ɗauke. Abin da kunnensa ya kama kalma ɗaya ce da tsohon ke ta maimaitawa a farkon kowane layi, “mi”. Shi kuwa Basakkwace ne, a wurinsa “mi” tambaya ce, abin da Bakano zai ce “me”.

Ko sake saurara bai yi ba. Ya share maƙogwaro ya danna wayar.

“Jama'a, wanga mako Bube ya ba ni aiki. Wani tsoho na, ba kiɗi ba amshi, tun hwarko har ƙarshe tambaya guda shika yi. Mi? Mi? Mi? To baba, mu ma ba mu sani ba. Halan kurma na, an yi mai magana bai ji ba. Ga tari awa injin ban-ruwa ya sha iska. Don Allah wanda ak kusa da shi shi ɗaga murya shi ba shi amsa, mu huta.”

Ya ƙare da kwaikwayon muryar, har da rawarta da tarin. Kuma ya iya, abin takaicin ke nan.

Saƙon ya yi ƙafa. Lawwali ya tura wa wani zaure, wancan ya tura wa wani. Kafin kwana uku masu lodin albasa a Rimawa in direba ya yi musu magana sai su karkace kai su ce “mi? mi?” da muryar tsoho. Wani daga Taloka ya kira Almustapha musamman don ya ce hawaye ya yi don dariya. Bube kuwa layi ɗaya ya rubuto: “Na ji, malam Almustapha. Allah shi ƙara basira.” Almustapha ya karanta ya yi murmushi, wai shi an yaba masa.

Ranar Alhamis da hantsi wasu samari biyu suka zo karɓar kaftani, suka roƙe shi ya sa musu ainihin waƙar su ji. Ya sa a sifika, suna ta ƙyaƙyatawa. Daidai nan Inna Hawwa ta iso, wata dattijuwar Bafillata da ke kawo masa ɗinkin jikokinta duk shekara. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin atamfa a ka, ba ta yi sallama ba. Ta sauke ƙullin a hankali ta zauna a kan dakali.

“Tela,” in ji ta, “ina kas samu muryar Mode?”

“Wane Mode, Inna?”

“Mode na rugar Rabah. Uban Bube mai babur. Shekara ukku ke nan da rasuwa tai.”

Samarin suka dubi juna, suka ɗauki kaftaninsu suka zame. Almustapha ya miƙa hannu zai kashe sifikar, ta ce ya bari.

“Inna, mi shika tambaya haka?” Muryarsa ta yi ƙasa.

“Tambaya?” Ta dube shi sosai. “Kai ba kai ka cewa kakanka namu na ba? Ga Hillanci mi ba tambaya ba ta. Mi, ni ke nan. Mi yetti, na gode. Mi dilli, na tahi. Godiya shika yi, ɗana.”

Ta zauna nan ta fassara masa layi bayan layi, ba tare da ta san abin da ya aikata ba. Ɓarayin daji ne suka kore garken Mode gaba ɗaya, shanun da ya gada tun daga kakansa. Bai yi kuka ba, bai kai ƙara ba, ya dai kwanta. Kwana kaɗan kafin ya cika ya sa aka fitar da shi inda garken ke kwana, ya riƙa kiran shanun ɗaya bayan ɗaya da sunansu, yana gode wa kowace. Wannan ta shayar da 'ya'yansa shekarar da damina ta ƙi. Waccan ta bi shi har ƙetaren gulbi ba ta taɓa yi masa gardama ba. Da ya gama da shanu ya koma kan mutane, ya kira matarsa da laƙabinta, ya kira 'ya'yansa.

Can wajen minti na goma sha bakwai, inda Almustapha bai taɓa kaiwa ba, muryar ta tsaya, aka ji tari, sannan ta ci gaba a hankali.

“Nan da Bube shika,” in ji Inna Hawwa. “Ɗan hwari na, ba shi iya kiran sunanai, kunya ta. Cewa yay yi, kai da ka riƙe da waya, kai da ban taɓa kira ba, na gode.”

Ta share ido da gefen mayafi, ta kwance ƙullinta ta shiga bayanin wace riga ce ta wace jika. Almustapha ya riƙa cewa to, to, bai ji ko ɗaya ba.

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har yana jin zafinta a kunnuwa. Ya goge saƙon daga zauren, ya san kuma aikin banza ya yi, don yana cikin wayoyin mutanen da bai ma san su ba. Ya nemo lambar Bube ya kasa dannawa. Ya tuna ba wanda ya tilasta wa Bube ya sa wannan memorin a hula. Mutumin da ko sunan ubansa ba ya furtawa ya ɗauko muryar uban ya kawo kasuwa, don yana ganin a cikin abokansa akwai mai kunne. Almustapha ya rufe shago da rana tsaka, ana saura kwana goma Sallah, ya zauna ya saurari minti goma sha taran nan har sau uku, keke a tsaye.

Washegari da sassafe ya hau babur ya nufi Rabah. Ya sauka daga titi ya bi hanyar gonaki, gero ya kai ƙugu, yana ta shirya maganar da zai yi tana wargajewa. Ya tarar da Bube yana wanke jarkokin nono a gindin wata bishiya. Bube ya tashi ya tarbe shi, ya shimfiɗa tabarma, ya kawo fura, ya tambayi iyali da ɗinki da ruwan Wurno. Da ma ya zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Almustapha ya ciro memorin daga aljihu, a naɗe cikin ƙyallen shadda.

“Bube, ban san ko wa na ba. Jiya anka hwaɗa min.”

“Ai doka ta,” in ji Bube. “Ba a hwaɗin suna.”

“Ban ko saurara ba. Minti ukku nij ji, niy yi magana.”

Bube ya karɓi ƙyallen ya juya shi a hannu. “Gara da kak kawo shi. Inna ta dame ni da tambaya. Kullum da hantsi takan ji shi. Na ce mata na ba wani mutum Wurno aro, wanda duk ƙasag ga ba wanda yah hi shi sanin waƙa.” Ya miƙe. “Taho ku gaisa. Ta ce in ka zaka a kai ka.”

Ba yadda zai yi, ya bi shi. Inna Fatsuma, mahaifiyar Bube, tana zaune a inuwar bukka tana tsince wake, 'yar tsohuwa siririya. Almustapha ya durƙusa ya gaishe ta, ba ta amsa ba sai da Bube ya sunkuya ya yi mata magana da ƙarfi a kunne. Ashe kunnenta ne ya yi nauyi. Almustapha ya tuna kalmar da ya yi wasa da ita a saƙonsa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Tsohuwar ta washe baki, ta yi magana da Fulatanci tana nuna shi.

“Tana tambaya,” in ji Bube, idonsa a kan waken, “mi kaj ji ga waƙar.”

Almustapha ya dubi tsohuwar. Ƙarya tana nan a bakinsa a shirye, ya iya ta kuwa, amma ya kasa yin ta a gaban Bube.

“Hwaɗa mata ban ji komi ba. Hwaɗa mata dariya niy yi mai, nis sa mutane sunka yi mai dariya tun daga Wurno har Goronyo. Hwaɗa mata ta yahe min.”

Bube ya sunkuya kan kunnen uwarsa ya fara magana, ya daɗe yana yi, ya fi abin da Almustapha ya faɗa tsawo nesa ba kusa ba. Fuskar tsohuwar ta riƙa buɗewa. Ta gyaɗa kai, ta dafa ƙirji, hawaye suka zubo mata tana murmushi. Ta kamo hannun Almustapha da hannayenta biyu ta yi ta sa masa albarka, ta sa aka ɗebo masa man shanu a 'yar roba ya kai wa iyali. Ya karɓa, don ƙin karɓa ma wani laifin ne.

Suka fito tare har inda ya jingine babur. Almustapha ya rataye robar a kan babur ɗin.

“Bube, mi kah hwaɗa mata?”

“Abin da nis so ka hwaɗi.”

“Za ka zaka kasuwa ran Lahadi?”

Bube ya dubi jarkokinsa da ke jiran wanki. “Ban da wani memori, malam Almustapha. Shi ɗai na gare ni.”

Ya ba shi hannu, ya ce ya gaida gida, ya juya. Almustapha ya tsaya riƙe da babur bai tayar ba, yana jira ko zai waiwayo. Bube ya durƙusa ya ci gaba da wanke jarkokinsa.