Gyaran Muryar da Ya Hana Albasata Ruwa

Daren jiya wani mafarki ya same ni, kuma na san mafarinsa. Albasata a fadama ƙishi take ji. 'Yata Lantana, mai aikin kwamfuta a Zariya, ta haɗa mini injin ban ruwa mai bin umarni a rubuce, layi bayan layi. Injin ya ƙi tashi. Wai kwamfutar da ta yi rubutun tana maƙala wata alama a ƙarshen kowane layi, ido ba ya ganinta, shi kuwa injin bai san ta ba, sai ya rikice. Na ce shirmen zamani ne, na kwanta.

Sai ga ni a ofishin ruwa na wata ƙasa. A can ruwan sama daga ƙasa yake tashi, sai an umarce shi yake saukowa. Shugaban ofishin bunsuru ne, da tabarau, yana tauna hular wani.

"Baba, me ke tafe da kai?"

"A ba albasata ruwa," na ce, na yi gyaran murya yadda na saba in na gama magana.

Ya girgiza gemu. "Ruwa dai akwai. Amma ka bi umarninka da ehem. Ba mu da wannan a ofishin nan."

"Kai, ɗan nan, raina ni za ka yi? Tun ba a haifi kakarka ba haka nake rufe magana."

"A garinku ke nan, Baba. A nan in mutum ya gama, shiru yake yi."

Sai ga ni a fadama. Albasar duk ta fito daga ƙasa ta zauna a inuwa, tana fifita da ganyenta. Babbarsu ta ce, "Malam Ɗanjuma, don Allah yau dai ka haɗiye ehem ɗin nan. Mu da ke sa mutane kuka, ga mu ko hawaye babu."

Na miƙe na ce, "Ruwa, sauko." Na toshe baki da hannun riga. Hadari ya juyo. Ɗigon farko ya iso daidai hancina. Maƙogwaro yana ƙaiƙayi, idona ya yi ja. Dattijo ya yi magana ya bar ta haka a buɗe, sai ka ce yaro?

Ehem.

Ruwan ya tsaya cak, ya yi mini sallama, ya koma sama. Albasar ta dube ni, ta ci gaba da fifita.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Na ɗauki guga na nufi fadama. Shi dai guga bai taɓa damuwa da yadda nake ƙare magana ba.